Ta yaya ƙwayar halitta ke gane ta kumbura?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa ƙwayar jini takan kumbura har ta fashe idan aka saka ta cikin tsurar ruwa. To, me ke sanar da ƙwayoyin jikinmu cewa ruwa ya yi musu yawa, alhali ba su da jijiya?

Amsa: Ƙwayar jikinmu ba ta da famfon fitar da ruwa. Ruwa gishiri yake bi, duk inda gishiri ya fi yawa can zai nufa. Saboda haka idan ƙwaya ta kumbura, sai ta saki sinadaran fotasiyam da kulorayid waje, ruwa ya bi bayansu, ta saɓe. Waɗannan sinadarai masu cajin lantarki suna fita ne ta wasu ƙofofin furotin da ke jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayar, kuma wasu daga cikin ƙofofin su ne masu jin kumburin.

Wasunsu miƙewa suke ji. Tantani na ɗamewa kamar fatar ganga, sai su buɗe. Irinsu ne Piezo1, wadda ɗakin binciken Ardem Patapoutian a Amurka ya gano a 2010, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021. A ƙwayar jan jini, Piezo1 kan shigar da kalsiyam, kalsiyam ya buɗe ƙofar Gardos, fotasiyam ya fice, ruwa ya bi. Ƙofar Gardos ɗin nan tana da hannu wajen bushewar ƙwayoyin jinin masu sikila, abin da ke ƙara musu lanƙwasa.

Wadda ta fi ba masana wahala ita ce ƙofar VRAC, mai fitar da kulorayid da wani sinadari mai suna taurine. An daɗe ana auna aikinta ba a san furotin ɗinta ba, sai a 2014 ƙungiyar Thomas Jentsch a Jamus da ta Patapoutian, kowacce daban, suka gano furotin ɗin, mai suna LRRC8A. A ganina nan ne abin sha'awar yake: gwaji ya nuna VRAC kan buɗe idan gishirin cikin ƙwaya ya tsinke, wato tana iya gane shigar ruwa daga tsarmuwar abin da ke ciki, ba daga miƙewar tantani kaɗai ba.

Ita kuwa ƙwayar jinin da ka ambata, ruwan ne ke kwararowa ta ƙofofin ruwa da ake kira akwaforin cikin daƙiƙoƙi, kafin gishiri ya samu fita ta riga ta fashe.