Ina yawan mafarkin ina rawa a kan yatsun ƙafa, ko iskokin kakata ne suka biyo ni?

Assalamu alaikum Gwaggo,

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni mace ce, na haura shekara 40, asalinmu ƙasar Daura, amma na daɗe a Jidda ina aikatau a gidan wasu Larabawa. Mijina ya rasu, 'ya'yana biyu suna gida wajen yayata. Abin da zan faɗa miki ban taɓa faɗa wa kowa shi duka ba saboda kunya.

Uwar ɗakina tana da 'yar auta mai shekara 7 da aka sa a makarantar koyon rawar Turawa da ake kira bale, ta 'yan mata zalla. Ni nake raka ta, in zauna a waje in jira a tashi. Ta gilashi nake hango su, manyan cikinsu suna tsayawa a kan tsinin yatsun ƙafa, hannuwa sama, suna juyawa. A gida ma yarinyar ba ta da abin kallo a waya sai shi.

Tun bayan Babbar Sallah na fara mafarkin. Sai in gan ni a wani ɗaki mai faɗi, madubi ta ko'ina, ina tsaye a kan yatsuna da zanena da kallabina. Gwiwar nan da ke damuna ba na jin ta ko kaɗan. Kiɗan kuma ba nasu ba ne, wani lokaci kiɗan ƙwarya ne, wani lokaci tafin gaɗa na dandalinmu. Ran nan daɓen ɗakin ya koma ruwa ina rawa a kansa, ran nan kuma na ga marigayiya kakata zaune a gefe tana kallona, ba ta ce uffan ba. Komai yana fitowa tar, har ƙamshin turaren wuta nake ji. In na farka sai in tarar da hawaye a fuskata, ƙafafuna na ciwo. Ni kuwa rabona da rawa tun kafin a rushe unguwarmu ta Sabil a nan Jidda, lokacin da muke haɗuwa da 'yan uwa a biki da suna. Yanzu kowa ya kama gabansa.

Abin da ya tayar mini da hankali, kakar tawa ta yi bori kafin ta tuba. Da na ɗan gutsura wa wata 'yar garinmu labarin, sai ta ce iskokinta ne suka biyo ni gado, kuma akwai wani mutum a gida da zai raba ni da su in na tura masa kuɗi, kusan albashina na wata biyu.

Ina sallata, ina azkar. Barcina ne dai ba yawa, don mutanen gidan ba sa kwanciya sai tsakar dare ya gota, in tashi da asuba, in ɗan koma kafin shirin makaranta. Ina da hawan jini, amma likita ya canza mini magani kwanakin baya, ya sauka. Gwaggo, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ina jin daɗin mafarkin, har ɗokin kwanciya nake yi. Ina da zunubi? Kuma in tura kuɗin?

Taki,
Uwar biyu, daga Jidda

Wa alaikumus salam ƙanwata,

Kada ki tura ko riyal ɗaya. Kuɗin nan guminki ne, kuma haƙƙin marayun da kika bari a gida ne. Ban ga komai a wasiƙarki da ke nuna iskoki ba. Mace mai sallarta da azkar ɗinta, da hankalinta garau, tana riƙe da aikin gida guda, ba a ce mata ta gaji bori don ta ga kakarta a mafarki. Wanda ya rasu kina ƙaunarsa zai zo miki a barci, abin da ke kanki ki yi mata addu'a. In ma zuciyarki ta ƙi kwanciya, ruƙiya ba sayenta ake yi ba: Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi, ki tofa a tafin hannu ki shafe jikinki kafin ki kwanta, da bakinki.

Zunubi kuma babu. Manzon Allah (SAW) ya ce an ɗauke alƙalami daga mai barci har sai ya farka. A hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim an kasa mafarki uku: bushara daga Allah, da baƙantawa daga Shaiɗan, da abin da mutum yake zantawa da ransa. Naki ya fi kama da na ukun. Dubi yadda ya haɗu: ɗakin da madubin na makarantar yarinyar ne, kiɗan na Daura ne, zanen da kallabin naki ne. Idonki ya kawo rabi, ƙuruciyarki ta kawo rabi.

Ita kanta rawar ba ta da wata alaƙa da aljanu. A fadojin Italiya ta faro a ƙarni na 15, ta bunƙasa a Faransa, inda Sarki Luwi na 14 ya kafa mata makaranta a 1661. Tsayuwar da ta ɗauke miki ido aikin takalmi ne mai taurin baki, da aka yi da yadi rufi a kan rufi da gam, da kuma horon shekaru. Yawanci ba a barin yarinya ta hau shi sai ta kai shekara 11 ko 12, saboda ƙashin ƙafa, kuma masu yi suna fama da kanta a ƙafa da mutuwar farce. Ke a mafarki kin sami sauƙin jikin babu wahalar, shi ya sa yake miki daɗi.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina, wanda kika ambata a wuce. Kin ce an canza miki maganin hawan jini. Ki tuna da kyau, kafin Babbar Sallah ne ko bayanta? Akwai jinsin magungunan hawan jini da na bugun zuciya, irin su propranolol da metoprolol, da aka san suna sa wasu mutane mafarkai masu ƙarfi, masu fitowa tar yadda kika kwatanta. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likitan, ki gaya masa yaushe abin ya fara, ba tare da jin nauyi ba, don sun saba jin irin wannan. Amma ina roƙonki, kada ki daina sha da kanki. Yanke irin wannan magani farat ɗaya yana iya tayar da jini da bugun zuciya. Shi likita ne zai san ko a canza, ko a sauya lokacin sha.

Sai barcinki. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye wajen minti 90, kuma ɓangaren da aka fi yin mafarki a cikinsa yana ƙara tsawo ne wajen asuba. Wanda ba ya samun isasshen barci, in ya samu ya kwanta, jikinsa kan yi ramuwar wannan ɓangaren. Ke kuma kina kwanciya a makare, ki tashi salla, ki koma, a sake tashin ki a tsakiyar mafarki, to dole ki farka da shi a ka ɗanye shar. Na san ba ke ke da ikon lokacinki ba a gidan mutane. Duk da haka ki nemi uwar ɗakinki cikin ladabi ta ba ki ko awa ɗaya bayan azahar, ki kuma rage shayi da gahawa in dare ya yi.

Ciwon ƙafa da safe ya fi yiwuwa na tsayuwar wuni ne, don a lokacin mafarki ƙwaƙwalwa kan saki gaɓoɓi su kasa motsi. Wannan sakin ne ma, in mutum ya farka bai gama wucewa ba, muke kira dannau. Amma in akwai wadda kuke kwana ɗaki ɗaya, ki tambaye ta. In ta ce kina harbi da ƙafa, ko kai duka, ko tashi tsaye cikin barci, wannan ma ki sanar da likita.

Hawayen kuwa, ƙanwata, su suka fi taɓa ni. Rusau ɗin tsoffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 ya watsa mutane da yawa, kuma wasiƙunku suna nuna mini cewa kewar juna ta fi kewar gini. Kin rasa miji, kin yi nisa da 'ya'ya, kin rasa matan da kuke tafi da guɗa tare. Kina kai 'yar wani ta yi farin ciki, ke kina zaune a waje. Ba abin kunya ba ne ranki ya nemi nasa rabon.

Ki nemo lambobin matan nan na Sabil, ko biyu ne ko uku, ki ji inda kowa ta koma. Ranar hutunki ku haɗu a ɗakin ɗayarku, mata zalla, ku dafa tuwo, ku yi waƙoƙin gaɗarku, ki taka gwargwadon abin da gwiwa ta yarda. Ki kuma rubuto mini bayan kin ga likita, ina son in ji sunan maganin da abin da ya ce.

Taki,
Gwaggo