Amsar tambayarka kan saitin manhajar zana hoto

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa hotunan da kake fitarwa suke zuwa da launi mai kaifi kamar an babbaka su, da kuma lambar da ta dace ka sa a gurbin CFG da gurbin matakai. Da ba don tambayar ta fama mini wani tsohon miki ba, da na ƙyale ka ka gano da kanka kamar yadda muka gano, domin lokacin da Stable Diffusion, manhajar nan da ke zana hoto daga umarnin da ka rubuta mata, ta fito a watan Agustan 2022 babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana.

CFG ma'aunin biyayya ne, shi ke nuna yadda manhajar za ta matsa wa kanta ta bi umarnin da ka rubuta. Kai ka ɗaga shi har 18 saboda kana zaton yawan lamba shi ne yawan kyau, kuma abin da ke ƙona maka hoto ke nan. Ka mayar da shi 7, idan za ka motsa kada ka yi nisa da nan. Matakai kuma, wato sau nawa manhajar za ta bi ta kan hoton tana gyara shi, 20 zuwa 30 sun wadatar a yawancin aiki, abin da ya wuce haka jira ne kawai. Batun girma kuwa, samfurin Stable Diffusion 1.5 an horar da shi ne a kan hotuna masu ɗigo (pixel) 512 tsawo 512 faɗi, shi ya sa idan ka miƙa hoton da yawa yake ba ka mutum mai kai biyu, shi kuma samfurin SDXL na 2023 ya fi sakewa a 1024. Yadda ake girka manhajar da inda ake rubuta umarnin hani, wato abin da ba ka so ya fito a hoton, ba zan ɓata bakina a kansu ba.

Abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi duk waɗannan, shi ne lambar iri. Kowane hoto daga wani hazo na dishi-dishi yake farawa, manhajar tana goge shi mataki bayan mataki har siffa ta bayyana, kuma lambar iri ce ke tantance irin hazon da za a fara da shi. Na duba allonka rannan na ga ka bar ta a -1, wato kowane dannawa sabon hazo ne, sannan kana sauya abu uku a lokaci ɗaya kana mamakin rashin sanin wanda ya gyara da wanda ya ɓata. Yaran yanzu dannawa kawai kuka iya, sai ka ce masu caca, idan an dace a yi murna, idan aka ce a maimaita sai a yi tsuru-tsuru.

Wani mutum ya taɓa kawo mini aikin hotuna 24 na littafin yara, yarinya guda ce a cikinsu duka, kuma sharaɗinsa shi ne kamanninta kada su sauya daga shafi zuwa shafi. Kwana 9 na yi ina neman fuskar nan. Na kafe lambar iri, ina taɓa kalma ɗaya a umarni in duba, in mayar, in taɓa wata. Har sai da na sauya tsarin goge hazon, na bar wanda ake kira Euler a, domin shi a kowane mataki yana sake zuba sabon hazo, hoton ba ya tsayawa wuri ɗaya idan ka ƙara matakai, na koma DPM++ 2M Karras wanda ke zama daram. A dare na tara fuskar ta fito, da ɗan wushirya da tabo ƙarami a kumatun hagu, na zauna ina kallonta kamar 'yar cikina.

Na tura masa samfur 3 ta WhatsApp. Ya kira ni da murya mai taushi, yana ta yabo, ya ce sun ɗan dushe a wayarsa, in taimaka in turo ainihin fayil ɗin domin ya nuna wa abokin aikinsa. Ko kafin alƙalami bai ba ni ba, amma daɗin baki ya ɗauke ni, na tura masa PNG ɗin yadda ya fito. Na san sarai cewa AUTOMATIC1111, manhajar da nake sarrafa Stable Diffusion da ita, tana rubuta komai a cikin fayil ɗin, umarni da umarnin hani da lambar iri da matakai da CFG da girma, har da shaidar samfurin da aka yi aiki da shi. Na sani, mantawa na yi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Daga ranar ya daina ɗaukar wayata. Bayan wata biyu sai ga tallan littafin, ga yarinyata da wushiryarta a bango. Ashe wani yaro ya ba fayil ɗin, yaron ya jefa hoton a shafin PNG Info da ke karanto saitin da ke cikin fayil, aikin kwana 9 ya zube masa a allo cikin ƙiftawar ido. Gaskiya lambar iri kaɗai ba ta riƙe fuska idan an sauya umarni, shi ya sa a wasu shafukan yarinyar ta koma wata daban, a shafi ɗaya ma na ƙirga mata yatsu shida, amma mai littafin bai damu ba tunda ya samu a araha.

Tun daga nan fayil biyu nake ajiyewa ga kowane aiki. Na asali yana wurina da saitinsa cikakke, kuma ina sake rubuta lambobin a wani littafi dabam, domin idan ka rasa su ko kai da ka yi hoton ba za ka iya dawo da shi ba. Wanda zai je hannun kwastoma kuwa sai na goge bayanan cikinsa, na rage girmansa, na buɗe shi na tabbatar babu abin da ya saura, kuma ainihin fayil ba ya fita sai kuɗi sun shigo.

Gobe ka kafe lambar iri guda, ka fitar mini da hoto ɗaya a CFG 4 da 7 da 12 ba tare da ka taɓa komai ba, ka jera su ka kawo mini tare da littafin da ka rubuta lambobin a ciki.