MySQL ya ƙi tashi bayan ɗauke wuta, in goge in sake sakawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da sabar makarantarmu, Ubuntu ce, sakamakon ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta duk suna cikin MySQL, manhajar rumbun bayanai. An ɗauke wuta tana tsaka da aiki, tun daga nan ya ƙi tashi, error.log yana nuna InnoDB, injin da MySQL ke adana bayanai da shi, ya lalace. Wani mai gyara ya ce in goge in sake sakawa, wai ba abin da zai ɓata tunda muna da RAID, wato faifai fiye da ɗaya da aka haɗa suna aiki tare. Wallahi hankalina a tashe yake, jarrabawa ta ƙarato.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bari mutumin nan ya sa hannu a sabar.

Yau ɗin nan ka kwafi /var/lib/mysql da /etc/mysql gaba ɗaya zuwa faifan waje, MySQL yana kashe. In faifan kansa kake zargi, ɗauki cikakken kwafinsa da manhajar ddrescue. A kan kwafin za ka yi gwaji. A fayil ɗin saitin MySQL, sa innodb_force_recovery a 1, in bai tashi ba ka haura zuwa 2, sannan 3. Da zarar ya tashi, fitar da komai zuwa fayil da mysqldump, fayil ɗin shi ake kira dump. Daga 4 zuwa 6 kuwa, masu MySQL da kansu sun yi gargaɗin yana iya lalata bayanai har abada. Sai dump ɗin ya zo hannunka sannan ka saka sabon MySQL ka loda.

Maganar RAID ce ke ɓata mini rai, don kusan kullum sai na ji ta. RAID ba ajiya (backup) ba ce. A RAID 1, duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya, a lokacin ake rubuta shi a ɗayan. Lalacewar da wutar nan ta jawo tana kan faifan biyu yanzu haka. Ka goge, a goge biyun. Masu kulle bayanai don kuɗin fansa su shigo, su kulle biyun. Mutuwar faifai kaɗai yake tare maka. Amma sai mutum ya koyi format jiya, yau ya zo yana sayar wa makarantu da asibitoci kwanciyar hankalin ƙarya, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ya bar su da kuka.

Manya ma sun sha wannan. A Maris 2021 gobara ta cinye wani ginin sabar kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗansu da ajiyarsu ke wuri ɗaya da sabarsu suka rasa duka. A Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanansu bisa kuskure, da aka nemi ajiya sai aka tarar hanyoyin da suka dogara da su ba sa aiki, suka yi asarar bayanan kusan awa shida.

In Allah ya fitar da kai, sa cron, mai gudanar da aiki a lokacin da ka tsara masa, ya riƙa yin dump kowane dare zuwa wajen ginin makarantar, ka riƙa loda shi a wata na'ura lokaci-lokaci ka tabbatar yana buɗewa. Ka kuma matsa wa shugaban makaranta ya sayi UPS, batirin da ke riƙe sabar in an ɗauke wuta, kafin jarrabawar.