Amsa ga uwar da al'adar 'yarta ta ɗauke wata biyu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun safe, sai yanzu na samu zama. Kin ce 'yarki shekararta 14, ta fara al'ada bara, ta yi 'yan watanni tana gani, yanzu kuma wata biyu ke nan shiru. Kakarta ta ce a jiƙa mata jar kanwa, ke kuma hankalinki ya ƙi kwanciya. Na ga wasu sun ce miki sanyi ne, wasu har sun turo lambar mai magani. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina riƙe da ɗakin shan magani na wata makarantar kwana ta 'yan mata, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Abin da kika kwatanta shi ne ƙorafin da ya fi yawan zuwa gabana daga 'yan aji ɗaya zuwa uku, kuma galibinsu lafiyarsu ƙalau. Jinin al'ada ba da kansa yake zuwa ba. Ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo zuwa ga jakar ƙwai, ƙwai ya nuna ya fito, bayan kamar mako biyu idan ba a samu ciki ba sai shimfiɗar mahaifa ta zube. To a shekara biyu zuwa uku na farko wannan saƙon bai gama daidaita ba, watanni da yawa ƙwan ba ya fitowa, sai jinin ya makara, ko ya zo kaɗan, ko ya taru ya zo da yawa. Kamar farkon damina ne, a yi ruwa yau, a share kwana ashirin ko hadari babu, kuma ba wanda zai ce damina ta lalace. Shi ya sa likitocin mata suke ɗaukar tazarar kwana 21 zuwa 45 a matsayin daidai ga yarinya mai farawa, alhali ga babbar mace 21 zuwa 35 ne. Inda suke jan layi shi ne kwana 90. Idan ta kai wata uku cur ba ta gani ba, ko sau ɗaya ne, a je asibiti.

Amma kafin komai, wata biyun nan naki ƙirgawa kika yi ko kintace? Ina tambaya ne saboda iyaye mata da yawa in suka ce wata biyu, muka zauna da kalanda, sai mu tarar kwana arba'in da 'yan kai ne. Kuma ana yawan kuskuren lissafin. Daga ranar da jini ya fara zuwa ranar da na gaba ya fara ake ƙirgawa, ba daga ranar wankan tsarki ba. Ki samo mata ƙaramin littafi, ita da hannunta ta riƙa rubuta ranar farawa, ranar ɗaukewa, da audugar mata nawa ta canja a yini. Wannan takardar ta fi wa likita amfani a kan duk wani hoton da za a ɗauka, kuma za ta taimake ta wajen sallarta da ramuwar azumi.

Tunda na taɓo sallah, akwai wani ruɗani da nake yawan cin karo da shi. A Islamiyya an koya musu cewa mai farawa tana iya kaiwa kwana 15 tana haila a mazhabar Malikiyya, abin da ya wuce haka istihala ne. Wannan hukuncin ibada ne, malamai sun yi gaskiya, amma ba ma'aunin lafiya ba ne. Yarinyar da ke yin kwana goma ko sha biyu tana zubar da jini kowane wata jininta ƙarewa yake yi. A asibiti duk abin da ya haura kwana 7 ana so a duba. Na sha ganin yarinya ta zo da jiri, tafin hannunta fari fat, cikin idonta ba ɗigon ja, in tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba, ta ce ai ba ta kai sha biyar ba.

Yanzu maganar da na san ita ce ta hana ki barci ko da ba ki rubuta ba. E, duk macen da ta fara al'ada ta ɗauke, ana cire batun ciki tukuna, kuma ko asibiti kuka je da awon fitsari za su fara, kada ki ɗauka zargin 'yarki ake yi. Tsinken gwaji yana nan a kowane kemis, da fitsarin safe ake yi, minti biyar an gama. Yadda za ki tunkare ta shi ne aikin. Ku biyu kawai a ɗaki, ba kaka, ba goggo, ba Abbanta tsaye a bakin ƙofa. Ki ce mata kina so ku san lafiyarta ne, ki tambaye ta a hankali ko akwai wanda ya taɓa ta ko yake takura mata. Yarinyar da aka tara wa jama'a aka titsiye, ko da gwajin ya nuna ba komai, ta rufe bakinta ke nan, gobe ko jini ne yake malala ba za ki ji daga gare ta ba. Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka samu akasin haka, 'yar shekara 14 cutar ta aka yi, kuma sau da yawa na kusa ne. Dukan ta ba ya fito da sunan wanda ya cuce ta.

Bayan wannan sai ki dubi rayuwarta a 'yan watannin nan. Ta rame? Ta canja makaranta? An yi rasuwa ko rigima a gida? A makarantar kwana duk shekara in WAEC da NECO suka matso, 'yan ajin ƙarshe sukan yi ta zuwa da wannan kukan, ga karatun dare, ga abincin da bai kai ya kawo ba. Su koma gida hutu, su ci su ƙoshi su yi barci, sai ga shi ya dawo ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba. Jiki in ya ga ƙarancin abinci ko yawan damuwa, al'ada na cikin abubuwan da yake fara ajiyewa. Ki kuma leƙa jakarta. 'Yan matan yanzu suna shan maganin ƙiba irin wanda ake kira sha ka fashe, wasu kuma shayin rage tumbi, a ɓoye, ƙawa ta ba ƙawa. Da yawa daga ƙwayoyin ƙiban nan sitiroyid ne, wato wani magani mai ƙarfi da ke kumbura jiki, kuma yana hargitsa al'ada. Mai sikila kuwa ko mai doguwar jinya dama balagarta kan makara.

Kanwa dai a bar ta a tukunyar wake. Ki ba kakarta haƙuri cikin ladabi, ki ce ma'aikatan asibiti sun hana. Ba ta sa ƙwai ya fito, sai dai ta ɓata ciki, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Haka allura ko ƙwayar kawo al'ada da ake bayarwa a kemis. Za ki ga jini bayan 'yan kwanaki ki ce alhamdulillahi, alhali maganin ne ya zubar da shimfiɗar, dalilin tsayawar yana nan ba a taɓa shi ba. Masu cewa sanyi ne kuma, sanyi da ƙaiƙayi da fitar ruwa mai wari da ciwon mara ake gane shi, ba kasafai yake tsayar da al'ada ba. Kada a ɗirka wa yarinya maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan zato.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a kai ta wurin wanzami a ce gishiri ne ko angurya ta toshe hanya. Yankan gishiri na cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari a ƙasar nan. Toshewar gaske akwai ta, amma kamanninta daban. Na taɓa karɓar wata 'yar shekara 15, ƙirji ya cika, ba ta taɓa ganin jini ba ko sau ɗaya, amma duk wata sai ta yi kwanaki tana murƙususu da ciwon mara, marar kuma ta ɗan tasa ta yi tauri. A gida har an fara yi mata kallon mai ciki. Da aka kai ta wurin likitan mata sai aka ga tantanin budurcinta a rufe yake ruf, jinin watanni ya taru a ciki. Ɗan ƙaramin aiki aka yi mata a tiyata, ta warke sarai. Taki tunda ta riga ta gani sau da dama, ba wannan ba ne.

Akwai alamun da in kin gan su ba sai kin jira kwana 90 ba. Gashi yana fito mata a haɓa ko ƙirji, ƙuraje sun cika fuska, ƙiba tana hauhawa, bayan wuya ya yi baƙi kamar dauɗa amma ba ya fita da soso, wannan yana iya zama matsalar da likitoci ke kira PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fitowa a kan lokaci. Nono yana fitar da ruwa ga ciwon kai ko gani yana raguwa, ko wuya ya kumbura irin na maƙoƙo, duk a gaggauta. Haka in jinin ya dawo da ƙarfi har tana jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko yana zuwa guda-guda manya. Ga sauran iyaye masu karantawa, yarinyar da ta kai 13 ba alamar nono, ko ta kai 15 ba ta fara al'ada ba, ita ma a kai ta.

Gargaɗi ɗaya game da hoton ciki. Kada ki kai ta ɗakin sikanin da kanki a rubuto miki PCOS ki dawo kina kukan ba za ta haihu ba. Jakar ƙwan yarinya mai tasowa dama takan nuna ƙananan ƙulle-ƙulle da yawa a hoto, shi ya sa ba a yanke wannan hukuncin da hoto kaɗai a shekarunta. Likita zai haɗa da tarihin kwanakin, da duba jiki, da awon jini.

Ki zauna da ita yau da daddare ku nemo ainihin ranar da ta gani na ƙarshe, ko da wani biki ko ranar komawa makaranta za ku kama lissafin. In kun samu, ki dawo ki faɗa min kwana nawa ne, da kuma ko ta rame a tsakanin nan.