Gundumar Karkara a Saskacewan: Hukumar da Ba Ta da Gari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya samu aiki a wata gonar alkama a lardin Saskacewan na ƙasar Kanada. Da na tambaye shi inda yake zaune, sai ya turo min haruffan RM da wani suna da lamba. Ya ce ƙaramar hukuma ce, amma wai ƙauyen da yake shiga sayayya, wanda ke tsakiyarta, ba ya ƙarƙashinta. Ta yaya haka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanenka bai yi kuskure ba. Haruffan nan biyu taƙaitaccen sunan gundumar karkara ne a Turance, wato Rural Municipality, kuma akwai irinta 296 a lardin, dukkansu a ɓangaren kudu inda ake noma. Arewacin lardin daji ne da tafkuna, tsarin mulkinsa daban.

Kafin ka gane mulkin, sai ka fara gane yadda aka yanka ƙasar. Tun daga 1871 gwamnatin Kanada ta baza masu awo a filayen yamma, suka rarraba su gida-gida kamar allon dara: kowane babban gida mil 6 tsawo, mil 6 faɗi, a cikinsa ƙananan gidaje 36 masu mil ɗaya ɗaya. Dokar filaye ta 1872 ta ba wa baƙon manomi kwatan ƙaramin gida, wato eka 160, a kan dala 10, muddin zai zauna ya nome. Bayan an kafa lardin a 1905, sai aka riƙa haɗa manyan gidajen nan tara, uku tsaye uku kwance, a mai da su gunduma guda mai kusan kilomita 29 ta kowane gefe. Ka ga ke nan ba kogi ko dutse ko tarihin wata al'umma ne ya shata yawancin iyakokin ba, igiyar awo ce. Lambar da ka gani ma daga wannan tsari ta fito: an fara ƙirga daga kusurwar kudu maso gabas, inda Argyle ke riƙe da lamba 1, lambobin na ƙaruwa yayin da ake nausawa yamma da arewa.

Mazauna kuwa gauraye ne. Akwai jikokin waɗanda suka zo daga Birtaniya, Jamus, Yukren da ƙasashen arewacin Turai, ga kuma mabiya ɗariƙar Kiristoci ta Hutarawa da ke zama wuri guda suna noma tare. Sai 'yan asalin ƙasar, irin su ƙabilar Kiri, waɗanda aka karɓi filayen daga hannunsu ta yarjejeniyoyin 1874 da 1876 da makamantansu. Yankunan da aka keɓe musu suna da nasu shugabanni, hulɗarsu da gwamnatin tarayya ce, gunduma ba ta da ta cewa a ciki ko da ta kewaye su.

Batun ƙauyen ma kusan haka yake. Duk ƙauye ko garin da doka ta amince da shi yana da magajin gari da majalisarsa, yana karɓar harajinsa. Gunduma tana mulkin abin da ya rage ne: gonaki, makiyaya da 'yan ƙananan unguwannin da ba su kai matsayin ƙauye ba. Abin dariya, sau da yawa ofishinta yana cikin ƙauyen da ba ta da iko da shi. Manyan birane ma haka: Corman Park mai lamba 344 ta zagaye Saskatun, Sherwood mai lamba 159 ta zagaye Rijaina, amma kowa na cin gashin kansa.

Majalisar ƙarama ce. Shugaba ɗaya wanda kowa ke zaɓa, sai kansiloli, galibi shida, kowanne daga shiyyarsa, wa'adinsu shekara 4. Ba a sauke su gaba ɗaya, duk bayan shekara 2 ake zaɓen wani kaso. Akasarinsu manoma ne, suna zama taro su koma gona, aikin yau da kullum yana hannun ma'aikacin da suka ɗauka. Wanda ya mallaki gona a gundumar yana iya jefa ƙuri'a ko da a birni yake kwana.

Idan ka ce min in faɗi aikinta a kalma ɗaya, hanya zan ce. Masu awo sun bar gurbin hanya a kowane mil ɗaya ta wata fuska, a kowane mil biyu ta ɗaya fuskar, don haka gunduma mai 'yan ɗaruruwan mutane tana iya samun kanta da ɗaruruwan kilomitoci na hanyar tsakuwa. Da rani a zuba tsakuwa a baje, da hunturu a kwashe ƙanƙara, a gyara gadoji da kwalbatocin da manyan motocin hatsi ke takawa. Sauran ayyukan, kashe gobara, yaƙi da muguwar ciyawa da ba da izinin gini, suna biyo baya ne. Makaranta da asibiti ba nata ba ne. Yawancin kuɗin shigarta daga harajin kadara yake fitowa, shi ya sa gundumar da Allah ya ba rijiyoyin mai ko mahaƙar ma'adinin taki take wadace, maƙwabciyarta mai gonaki zalla tana ƙirga kowace tifar tsakuwa.

A ganina nan ne raunin tsarin yake. An zana shi lokacin da ake sa ran iyali a kan kowace eka 160, yau kuma gida ɗaya na nome dubban eka, mutane sun ragu, hanyoyin suna nan yadda suke. An sha kawo maganar haɗe gundumomin, manoma suna ƙi, domin suna son kansilan da za su iya tsayarwa a bakin gona su nuna masa kwalbatin da ya toshe.