Ga mai tambayar cire tsohon fenti: ajiye tinar nan tukuna

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce ka tsinci kwalin tsofaffin sojojin Warhammer, 'yan mutum-mutumin nan da ake wasan yaƙi da su a kan tebur, a kayan gwanjo, an lafta musu fenti kamar da tsintsiya, kuma wani ya ce ka jiƙa su duka a tina. Don girman Allah kada ka yi. Irin abin da ya cinye ni ke nan.

Ni a Ingila na samu nawa lokacin ina karatu, a irin kasuwar safiyar Lahadi da ake baje kaya a bayan mota. Kwarangwal ashirin na roba, ƙirar ƙarshen shekarun 1980, da wasu na dalma guda bakwai. Akwai wani dattijo a inda muke haɗuwa wasa, komai ya sani, ba a gama tambaya yake amsawa. Ya ce in zuba su a asiton, ruwan nan na goge jan farce, in je in kwanta. Na zuba. Da asuba na buɗe kwalba, na dalmar sun fito fes kamar ranar aka zuba su. Na robar kuwa sun zama dunƙule ɗaya kamar narkakkiyar alewa, ga takobi nan ya leƙo ta gefe, ga rabin ƙoƙon kai yana kallona. Na fi minti goma a tsaye riƙe da cokali. Da na kai masa, ko a jikinsa. Wai shi ƙarfe yake nufi. Alhali a hannunsa ya juya su yana yaba haƙarƙarinsu! Ko haƙuri bai ba ni ba, har tambayata ya yi ko zan sayar masa da na dalmar. Shekara nawa yau, in na tuna sai raina ya ɓaci.

To ka fara ware su. Mai nauyi da sanyi a hannu ƙarfe ne, shi asiton ba ya yi masa komai. Amma ka cire gindin tukuna, baƙin faifan nan roba ne, haka ma garkuwa da dokin wasu mahayan. Na roba kuwa Dettol za ka nema, mai ruwan ƙasa-ƙasa na asali, kowane kemis akwai. Kada ka sirka. Su kwana ɗaya a ciki, in fentin mai ne irin na gwangwanin Humbrol su yi biyu ko uku. Sai tsohon buroshin haƙori, tsinken sakace kuma don lungunan sulke. Kuskuren da na yi karo na biyu: na kai su bakin famfo da fentin a jiki. Ruwa na taɓawa ya zama danƙo, ya manne a buroshi, a yatsu, ko'ina. Ka goge a cikin Dettol ɗin, ka bi da sabulun wanke kwanuka, ruwa shi ne na ƙarshe. Ka sa safar hannu, ni sai da fatar yatsuna ta saɓule. Warin kuma, uwargida ta kore ni baranda sati guda.

Ka gwada da ɗaya tukuna, wanda ka fi raina.

Na ƙarfen, in kafin 1997 aka yi su, mai yiwuwa da dalma a ciki, don a shekarar kamfanin da ke yin su ya koma ƙarfe marar dalma. Ka wanke hannu bayan ka kankare, kuma kada yara su sa a baki. In ka ga wani farin gari-gari yana cin jikinsa, ruɓar dalma ce, ajiya cikin akwatin katako ko kwali mai laima ke kawo ta. Wannan ka ware shi daban.

Hannun da ya karye kada ka dogara da sufa gulu kawai, zai sake faɗuwa ranar da kake nuna wa baƙo. Huda ɓangarorin biyu da ɗan abin huji na milimita 1, ka sa guntun wayar kilif ɗin takarda, sannan gam. Tsohon gam da ya ƙi fita kuma, kwana ɗaya a firiza yana sa shi tsinkewa.

Sabon fentin dai ka yi shimfiɗa tukuna, wato shafin farko da fentin zai kama, sannan in fentin ruwa ne ka tsinka shi da ruwa, shafa biyu marasa kauri. Abu ne mai tsawon milimita 28, da ka cika fenti fuska ta tafi. Ni yanzu ma akwai ɗaya da na ƙi wankewa, wani maharbi da yaron da ya riga ni mallakarsa ya yi wa idanu kamar na mujiya, ya rubuta harafi ɗaya a ƙasan gindin. Hannuna ya kasa.

Dunƙulen nan yana nan a kan teburina har yau. Ka turo hoton ƙasan ƙafafunsu, sau da yawa akwai shekara a jikin ɗan harshen ƙarfen da ke shiga gindi, mu ga me ka samo.