Amsa ga ƙanwata mai son zuwa Ingila nazarin iskoki da lafiya

Ƙanwata, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida a Birnin Kebbi. Kin ce kina aikin jinya, kuma kullum mara lafiya ba ya isowa gadon asibiti sai bayan ya sha rubutu, an yi masa hayaƙi, an kai shi wurin mai ruƙiyya, wani ma an zaga da shi wurin 'yan bori a ɓoye. Kina son ki zo Ingila ki yi digiri na biyu a kan wannan. Kina tambaya ko akwai fannin, ko ana cin abinci da shi, da kuma abin da za ki faɗa wa Baba, tunda yana ganin abin ya kusa taɓa shirka.

Fannin yana nan. Ana ce masa antirofoloji na lafiya, kuma aikinsa bin diddigin yadda al'umma ke fahimtar ciwo da neman magani. Ana karantar da shi a jami'o'in UCL da SOAS a Landan, da jami'ar Edinbara, da ta Amstadam a ƙasar Holan. Ba za a koya miki warkarwa ba, hanyar bincike za a koya miki. Ki kuma yi hattara da masu tallan kwas na kwana biyu a intanet, a kaɗa ganga a miƙa wa mutum takarda wai ya zama mai magani. Waɗannan 'yan kasuwa ne.

A aji za a fara miki da bokayen Saiberiya da na dajin Amazon, waɗanda ake cewa ruhinsu ne ke fita ya je duniyar ɓoye ya nemo wa majinyaci waraka. Namu ba haka yake ba. A bori iska ce ke saukowa ta hau mutum, kuma girka ba korar iska ba ce, sulhu ne ake ƙullawa da ita har ƙarshen rayuwa. Mai ruƙiyya kuwa fitar da aljani yake yi da ayoyi. Hanyoyi biyu ne da ba sa ga maciji da juna, amma mace ɗaya tana iya bin duka biyun a wata guda kafin ta iso gare ki. Malamin da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba zai iya haɗa miki su wuri ɗaya, kuma idan ba ki zo da naki sanin ba, ba za ki iya yi masa gyara ba.

Shi ya sa nake cewa kada ki yi gaggawar tasowa. Abin da Turawa suka sani a kan wannan, a wurinmu suka samo shi. Tremearne ya fitar da littafinsa kan bori a 1914, daga bakin Hausawan da ke zaune a Tunis da Tarabulus. Murray Last ya zauna a karkarar Malumfashi yana lura da yadda mutane ke neman magani. Adeline Masquelier ta yi nata aikin a Dogon Dutsi ta Nijar, cikin Arawa, 'yan uwan mutanen Kangiwa da ke maƙwabtaka da ke. Ga kuma Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, ɗan jiharku, wanda ya shafe shekaru yana nazarin magungunan Hausa da ayyukan malaman tsibbu a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sakkwato ba ta da nisa. Ki je sashen harsunan Najeriya ki karanta kundayen ɗalibai, ki kuma fara rubuta abin da kike ji a ɗakin jinya: wa ya yanke shawarar inda za a fara kai mara lafiya, nawa aka kashe, kwana nawa aka ɓata. Wannan littafin naki shi ne jarin da za ki shigo da shi.

Game da Baba, damuwarsa tana da tushe, kada ki raina ta. Ki nuna masa cewa sanin abu daban, bin sa daban. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan ilimin magani, Nana Asma'u kuma ta kafa 'yan taru don ilimantar da matan karkara a zamanin da bori ke da ƙarfi a cikinsu. Ba su kau da kai daga abin da mutane ke yi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaliban da ke zuwa nan su koma suna yabon komai na gargajiya don farin jinin Turawa. Ke kin ga mai farfaɗiya da aka hana magani shekaru ana cewa iska ce. Kin san akwai gidajen da ake ɗaure masu taɓin hankali da mari. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara na jijjiga suna mutuwa, alhali dalilin yana cikin ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Duk da haka, zagin masu maganin gargajiya bai taɓa hana kowa zuwa wurinsu ba, domin su ne ke kusa, su ne ke sauraro, kuma suna amsa tambayar da likita ba ya amsawa: me ya sa ni? Thomas Adeoye Lambo, likitan masu taɓin hankali ɗan Najeriya, ya gane haka tun 1954, lokacin da ya zaunar da majinyata a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, yana aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 mujallar likitanci ta Lancet ta buga gwajin da Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan asibitin matakin farko suka riƙa ziyartar masu taɓin hankali a wurin masu maganin gargajiya da na addu'a suna ba da magani. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Irin wannan aiki nake so in ga an gwada a Kebbi, kuma mai jinya irinki ce ta dace da shi.

Batun kuɗi kuwa, digiri na biyu na shekara ɗaya a nan yakan haura fam 20,000 ga baƙo, ban da haya da abinci. Tun Janairun 2024 ɗalibin irin wannan digiri ba ya zuwa da iyalinsa. Kada a sayar da gona saboda shi. Ki nemi tallafin karatu na Commonwealth ko na Chevening. Shi na Chevening yana buƙatar shekara biyu ta aiki, kuma kina da su. Shi kaɗai fannin ba ya kawo aiki da sauri, amma in kin haɗa shi da jinya ko lafiyar al'umma, ƙungiyoyin lafiya da jami'o'i suna neman irinki.

Ki kuma sani jami'o'in nan suna ɗari-ɗarin ba da izinin bincike a Zamfara da sassan Kebbi saboda tsaro, don haka ki zaɓi garin da za ki iya kare zaɓinsa a gaban kwamiti. Mutanen da za ki zanta da su, musamman 'yan bori tun bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, suna da abin tsoro, don haka sunayensu ba za su shiga takarda ba. Ki rubuta shafi biyu kan tambaya ɗaya tak da kike son amsawa, ki turo min mu duba tare kafin ki tuntuɓi kowace jami'a.